Ranar da Na Tsayar da Zuciyar Kaka

Ranar da takardar ɗaukata karatun likita a Sudan ta iso, ko biza ban nema ba na sayo abin sauraron bugun zuciya na rataya a wuya. Baba ya haɗa walima a gidanmu na Sandamu. Na shiga wajen mata ina taku ɗai-ɗai, na ce a kawo marar lafiya.

Kakata ta ajiye ludayin fura ta ce, "Fara da ni, angona."

Na ɗora mata a ƙirji, shiru. Na matsa gefe, shiru. Na cire hula, na dubi jama'a na ce, "Innalillahi, zuciyar Kaka ta tsaya."

Gwaggo ta fasa ihu. Kaka ta ce, "To, wa ke shan furar nan?"

Maƙwabciyarmu, wata ungozoma, ta karɓi abin ta murɗa kansa. Ashe a rufe yake tun daga shago.

Na je Sudan na gama, yau a Daura nake aiki. Amma duk ranar da na je gaida Kaka, sai ta ce, "Ku ɓoye ni, ga wanda ya kashe ni ya dawo!"