Rasuwar Ja-ciki, Motar da Na Binne Tana da Rai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Malam Tasi'u na Makoda, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motar ɗana Naziru, wadda mutanen gari suka laƙaba wa Ja-ciki saboda yadda take lafe da ƙasa. Ta cika ranar Talata da hantsi a bayan gidana, bayan jinyar wata bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ruwan ɗorawa ce, ƙofa biyu, kujera biyu. Ba ta taɓa taka ko ɗan tsako ba. Idan ta yi gyaran murya, “gurrr, buuum”, har tantabarun masallaci sai sun tashi. Naziru bakanike ne a Kano. A ragargaje ya same ta, bayan wani mai hali ya yi hatsari da ita ya yar, Naziru ya shekara uku yana haɗa ta da hannunsa. Wannan labari sai a makon nan na ji shi daga bakin mahaifiyarsa Hure, domin ban taɓa tambayarsa ba.

Abin da na saurara shi ne maganar mutane. A teburin mai shayi an ce yaron da ya bar gari da silifa ba zai dawo da irin wannan ba sai da damfara. Wasu suka ce kuɗin jini ne. Tsofaffi suka ce mai sayen mota kujera biyu ya riga ya yanke cewa ba zai rage wa kowa hanya ba. Wani maƙwabcina ya daina haɗa kafaɗa da ni a sahu, amma ya aiko a ce Naziru ya taimaka masa da taki.

Da kaka aiki ya kai Naziru Legas, sai ya bar mini ita amana. Abu ɗaya ya roƙe ni: in riƙa tayar da ita duk Juma'a, ta yi minti goma tana numfashi. Na amsa masa. Juma'ar farko na riƙe makulli na tsaya, na tuna cewa in ta yi kuka gari duka zai ji, sai na mayar da shi aljihu. Washegari muka tura ta bayan rumbu, na jibge ta da harawa da karan dawa har ba a ganin ko madubinta. Na samu sauƙi a majalisa. Duk sanda ya kira waya nakan ce masa tana lafiya.

Ɓeraye suka tare a cikinta suka cinye wayoyi. Da damina ta faɗi, harawar ta sha ruwa ta ruɓe a kanta, ruwan ya gangara har inji. Ranar Talata Naziru ya dawo, ya kwashe karan da kansa, ya karɓi makulli a hannuna ya murɗa. Ta ce “ƙyat, ƙyat”, ta yi shiru. Ya kifa kansa a kan sitiyari, ya daɗe. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya gaishe ni, ya mayar mini da makullin, ya hau acaɓa ya tafi. Yanzu kuma a teburin mai shayi ana cewa asirinsa ne ya karye.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, makulli ɗaya da ke aljihuna, ɓeraye 'ya'ya da jikoki, da Naziru, wanda yau kwana uku ina kiransa wayar tana ƙara har ta katse.

Za a fito da gawa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shanun huɗar ƙanina Basiru ne za su ja ta zuwa bakin kwalta, inda babbar mota za ta kai ta Kano. Ta tsakiyar kasuwa za mu bi, ba ta bayan gari ba, kuma ni zan riƙe igiya. Za mu ɗan tsaya a teburin mai shayi, domin ina da bayani a kan yadda ɗana ya same ta. Ba za a yi zaman makoki a gidana ba, don ba ni aka yi wa rashi ba. Mai son yin ta'aziyya ya kira Naziru. Wanda ya yi dace Naziru ya ɗauka, don Allah ya gaya masa ranar da lokacin.