Dakta Zurfi da Shaidunsa na Ƙarƙashin Ƙasa

Idan ana lissafa alheran da ƙasar Zurmi ta samu bayan an yanke Zamfara daga Sakkwato, dole a fara da Malam Maitama, malamin gona na ƙaramar hukuma. Shi ma da kansa yake farawa. Mutum ne mai kwarjini, mai tumbi daidai muƙaminsa, mai fararen kaya waɗanda laka ba ta taɓa yi wa rashin kunya ba. Ya yi shekaru yana koya wa manoma noma daga kan babur, ba ya ko kashe inji, don kada ya ɓata musu lokaci.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau aka tura shi Zariya taron bita kan lafiyar ƙasar noma. A can wani malami ya gaya musu cewa ƙasa ba matacciya ba ce. Ko an haƙa ta an wuce inda saiwar gawo ke tsayawa, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna rayuwa ba rana ba iska, suna lasar dutse su ƙoshi, wasu ma su shekara ba su motsa ba. Wannan siffa ta ƙarshe ta shiga ran Maitama, domin ta tuna masa ofis. Malamin ya ci gaba da bayanin cewa mafi yawan halittun, kuma masu ciyar da shuka, suna sama-sama ne inda taki da ganye ke ruɓewa. Amma a lokacin Maitama ya fita neman inda ake raba shayi.

Ya dawo Zurmi da kwalba, da tabarau marar magani, da sabon suna. Ya ce a riƙa kiransa Dakta. 'Yan sakatariya suka ƙara masa da Zurfi. Ya karɓa da godiya, ya sa aka rubuta a bayan babur.

Daga nan babu tasha ko rumfar mai shayi tsakanin Shinkafi da Kaura Namoda da ba ta sha karatunsa ba.

"Ku tafiya kawai kuka yi bisa ƙasa," in ji shi, "ni ko na san mi ke cikinta. Ƙarƙashin takalmanku akwai al'ummar da ta fi mutanen Sin yawa. Sakkwato ta danne su shekara da shekaru, ba wanda yat tuna da su. In sabuwar jihag ga na son ci gaba, ta buɗe musu ma'aikata guda, ta nemi wanda ya san su ta danƙa mishi."

Ba ya faɗin sunan wanda ya san su ɗin, tawali'u ba ya barinsa. Sai dai ya gyara hula, ya yi shiru har a gane.

Da shirun ya yi yawa Gusau ba ta gane ba, sai ya yanke shawarar nuna aiki. Ya zaɓi gonar wani dattijo mai suna Gado a Gurbin Bore. Binciken kimiyya ne ya kai shi can, domin gonar na bakin hanya, inda duk babban da ya wuce a mota zai gani. Ita kaɗai ce gonar Gado, kuma duk ranin nan Fulani sun zauna masa a ciki da shanunsu, har ƙasar ta yi baƙi tana ƙamshi. Gado bai so ba. Amma rabon takin zamani a hannun Dakta yake, don haka ya ce Allah shi sa alheri.

Aka kawo lebura suka haƙa rami a tsakiyar gona, mai zurfin da in mutum ya shiga sai dai a ji muryarsa. Jar ƙasa da marmarar da aka fito da su, Dakta ya sa aka shimfiɗa su a kan baƙar ƙasar, domin halittun zurfi su gana da gero ido da ido. Ya kula da aikin sosai daga ƙarƙashin laima.

Damina ta sauka. Geron maƙwabta ya wuce kan mutum. Na Gado ya kai gwiwa, ya yi ruwan ɗorawa, ya tsaya nan. Dakta ya zo ya duba, ya ce alama ce mai kyau, halittun baƙunta suke yi, kunya ce ba ta sake su ba tukuna. Ramin kuwa ya cika da ruwa, ya samar da kwaɗi da sauro, halittun da kowa ke iya gani ba sai ya je Zariya ba. Ranar da jakin Gado ya zame ciki ya karye, Gado ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi kotun shari'a ta Zurmi.

Dakta ya yi murna da sammaci. Tunda ya dawo bita bai taɓa samun masu sauraren da doka ta hana su tashi ba. Ya ajiye kwalbarsa cike da jar ƙasa a gaban alƙali, ya fara daga halittar duniya. Gado dai magana ɗaya ya yi: "Allah shi gafarta Malam, gonata ta ɓaci, jakina ya karye, iyalina ba su da na ci bana."

Alƙali, wani siririn dattijo marar gaggawa, ya bari Dakta ya gaji, sannan ya ce, "Malam Maitama, ka ce aikin ga ya amfani gona. Kana da shaidu?"

"Miliyoyi, Allah shi gafarta Malam. Ga su nan cikin kwalba."

"Biyu kotu ka so. Fito da su."

Dakta ya bayyana cewa ba a ganinsu sai da madubi na musamman, kuma madubin yana Zariya.

"To kai ka gan su da idonka? In za ka rantse, ga buta can, yi alwala."

Maitama na da cika baki, amma yana tsoron Allah daidai gwargwado. Ya dubi buta, ya cire tabarau ya goge.

"Layin kallon madubin na da tsawo, Allah shi gafarta Malam. Da anka zo kaina na kanga ido, na ko ga wasu baƙaƙen abubuwa dogaye suna motsi."

"Su ne halittun?"

"Malamin ya ce gashin idona ne."

Alƙali ya ce kotu ba ta musun halittun, domin Allah ya halicci abin da muke gani da wanda ba mu gani. Amma rami kowa ya gan shi, jaki ma ya gan shi. Ya yanke cewa Maitama ya ciyar da gidan Gado daga hatsin gidansa har kaka ta zagayo, ya kwashe jar ƙasar, ya kuma cike ramin da hannunsa.

Ranar cikon rami duk Gurbin Bore ta fito. Dakta ya naɗe farar rigarsa, ya ɗaga shebur, ya sanar da jama'a cewa wannan shi ne mataki na biyu na shirin, wato mayar da halittu gidajensu bayan ziyarar aiki. Ya roƙi kada a yi tafi. Dama ba wanda ya yi niyya.

Gado ya samu inuwa ya zauna, lokaci-lokaci ya nuna da sanda ya ce, "Dakta, ga wani gefe can ka bari." Kafin azahar tafin hannun Dakta ya yi kanta, laka ta kai masa har hula. Tsofaffin garin suka ce tunda suke, ranar ce suka fara ganin wata gona ta amfana da shi.