Ranar da Na Ba Shugaban Jami'a Tukuici

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni karɓar kyauta a jami'a ba, kuma ba don daɗinta ba. Har yau in na ji sunana a lasifika sai in laluba aljihuna.

A Fatakwal ne, shekarun da kuɗin mai ya fara zuba. Mun dawo daga Arewa bayan yaƙin basasa, Baba ya tarar da wani a rumfarsa ta kasuwar Mile 3, ya kama wata ya sake fara sayar da wake daga tushe. Ni ne na farko a unguwarmu da ya shiga jami'a, saboda haka in na zo hutu dattawa kan miƙo mini wasiƙa da takardar asibiti, har da rediyon da ya lalace, wai ai na yi boko. Ni ma (Allah Ya yafe mini) ban taɓa cewa ban iya ba.

A makarantar akwai wata mata mai kula da ɗalibai, kowa Madam yake ce mata. Ita ta samo mini ɗaki, ita ta sa masu girki suka daina zuba mini naman da ban san wanda ya yanka ba. Ita ce kuma ta gaya mini na fi kowa maki a 'yan aji ɗaya na sashenmu, wani kamfanin mai ya ba da kyautar agogo da littattafai, shugaban jami'a zai miƙa a gaban jama'a. Ta tara mu masu karɓar kyauta ta koya mana tsarin: ka hau, ka gaisa da dama, ka karɓa da hagu, ka kalli mai hoto, ka sauka ta ɗaya ɓangaren. Abu biyar ne kawai, na haddace kamar karatun allo.

Kuskurena shi ne da na kai labarin rumfar Baba bayan la'asar, lokacin da Kawu Isiyaku, wan mahaifiyata, yake nan. Kawu mutum ne da ko gishiri aka aiko masa sai ya tambayi asalinsa.

"To, kyautar ta wace ce?" in ji Kawu.

"Ta kamfani ce, Kawu."

"Shi shugaban fa?"

"Shi miƙa mini zai yi."

Kawu ya dubi Baba. "Ka ji ko, Alhaji? Ashe aiko shi aka yi. Ɗan aike kuwa da tukuicinsa."

Na ce a can ba a haka. Baba ya ajiye mudu ya dube ni. "Mun dawo garin nan ana mana kallon baƙi. Kai kaɗai ne namu a wurin. Kada a tashi a ce ɗan Bahaushe ya karɓi alheri ya juya baya kamar bai da iyaye." Na ce to, don na san abin da ke ransa. Aka ƙulla fararen goro bakwai da sabuwar naira a hankici, Kawu ya ƙara da cewa kada in kuskura in karɓi abu a hannun babba da hagu, kuma in rusuna.

Ranar taro na shiga doguwar rigar nan ta jami'a da hula mai kama da faranti, ƙunshin goro yana aljihun wandona. Ina zaune ina lissafi. Madam ta ce dama ta gaisuwa, hagu ta karɓa. Kawu ya ce hagu ba ta karɓa. Baba ya ce a miƙa tukuici, shi ma ba a miƙa shi da hagu. Aiki uku ke nan a kan hannu ɗaya. Na waiwaya na hango Baba da Kawu a layin baya cikin manyan riguna, sun zauna ƙyam, ba sa jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa, amma idonsu na kaina.

Aka kira sunana. Na hau lafiya, wannan dai na ci shi. Shugaba ya miƙo hannu, na kama da hannu biyu na rusuna, shi kuma ya ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, ya sunkuyo zai tare ni, hulunanmu suka yi karo, tawa ta faɗi. Na miƙe. Ya ɗauko kwalin kyauta ya miƙo, na ɗaga hagu, na tuna Kawu, na mayar. Na ɗaga dama, na tuna Baba, na cusa ta cikin riga ina laluben aljihu. Rigar nan ba ta san da zaman aljihu ba. Sai da na tattare ta har ƙugu a gaban farfesoshi, bawan Allah yana tsaye da kwali a hannu, ya gaji ya ajiye a tebur.

Na zaro ƙunshin na danƙa masa. Ya juya shi, ƙullin ya kwance, goro ya watse a kan dakali, ɗaya ya gangara har ƙafar mai hoto. Sabuwar nairar ce kaɗai ta tsaya a tafinsa. Ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan, ni kuwa ban lura bakina yana daidai lasifika ba, na amsa da iyakar ladabina cewa ɗan abin masarufi ne na ɗan aike, tunda kamfani ya aiko shi.

Sai wani daga bayan zaure ya ɗaga murya da Turancin kasuwa, wai Malam ya biya ɗan aike: "Mallam don pay messenger!" Dariya ta ɓarke. Na hango Madam ta rufe fuska da takardar tsarin taro. Wani tsohon farfesa ya tsinci goro ɗaya ya ɗaga, ya ce a al'adarsu in goro ya zo ba a ci gaba da magana sai an sa masa albarka an fasa, nan take manya suka shiga gardamar wa ya girmi wa. Ni dai ban san ko laifi na yi ko taro na buɗe ba. Na tsinci hulata na sauka ta inda na hau, na yi karo da wadda aka kira bayana.

A waje na samu Baba yana ta fara'a. "Ka ga yadda suka ji daɗi? Kowa dariya yake." Kunya ta hana ni gyara masa, kuma gaskiya ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun dawowarmu. Kawu ne ya dube ni sama da ƙasa.

"To ina saƙon?"

Na dubi hannuna. Hula ce kawai. Na ba da tukuici, na bar kyautar a tebur.

Muna tsaye sai ga Madam tana haki, rungume da kwalin. Ta danƙa mini tana girgiza kai, ta gaida su Baba. Baba ya tambaye ni wace ce, na ce ita aka ba ta kawo. Kafin in rufe baki hannunsa ya shiga aljihu.

Har na gama jami'a sunana Mallam Kola, wato Malam Goro. Abin da na koya shi ne, in manya uku suka ba ka umarni a kan hannu ɗaya, ka fara karɓar abin da ya kawo ka, sauran ladabin ka yi shi daga baya.