Ranar da Na Ciyar da Baƙin Maigidana Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Riyad, cikin shekarun tamanin, lokacin ina sabon mai digiri a fannin noma. Wani attajiri a Al-Naseem, Abu Fahad, shi ne kafilina, wato maigidan da ya tsaya min na shigo ƙasar, kuma aikina kula da lambun gidansa. Saura sati uku iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba.

Ana cikin haka rumfar inabinsa ta kamu. Ganyen ya yi ɗige-ɗigen rawaya a sama, ƙarƙashi kuma farin gashi kamar auduga. Na duba littafina sau huɗu kafin na yarda fumfuna ce, irin wadda ke son danshi. Abu Fahad ya ce ba ya son maganin kanti kusa da jikokinsa. Na ce akwai hanyar gargajiya, wataƙila ta yi, mai yiwuwa kuma ba za ta yi ba. (Haka nake magana a lokacin. Ko sunana aka tambaye ni sai na ce "a iya sanina".)

Ina da ƙullin busasshen ganyen darbejiya da Inna ta cusa min a akwati saboda zazzaɓi. Na jiƙa shi da dakakkiyar tafarnuwa, na zuba ƙaro don ya manne sosai. Littafi ya ce a fesa sau ɗaya a sati. Ni saboda tsoro kullum nake fesawa, sama da ƙasa, ganye bayan ganye.

Malam Sani, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke ba lambun ruwa, ya tsaya yana kallona.

"Injiniya, ka gaya wa masu kicin?"

"Baba, me ya haɗa kicin da ganye? Inabin ma bai nuna ba."

"To," ya ce, ya ja tiyonsa ya wuce.

Ranar Juma'ar, bayan masallaci, Abu Fahad ya kira ni cin abinci tare da baƙinsa, don ya nuna musu muhandis ɗinsa, wato injiniyansa. Aka ajiye faranti cike da wasu abubuwa kore, a nannaɗe kamar yatsu. Na tambayi na kusa da ni. Ya ce ganyen inabi ne da shinkafa a ciki, an tsinko da safe daga rumfar gidan.

Jama'a, a garinmu akuya ce ke cin ganyen inabi. Wa ya taɓa gaya min mutane na ci?

Na buɗe baki zan yi magana, amma babban baƙon ya riga ya kai loma. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Idonsa ya kawo ruwa. Saboda kara ya haɗiye, ya ce "Ma sha Allah" da wata siririyar murya. Sai Abu Fahad ya ɗauki nasa. Ƙaron nan ya yi aikinsa, wanki da tafasa duk ba su fitar da ɗacin ba.

"Ya muhandis, mene ne wannan?"

"Maigida, akwai yiwuwar... ba na cewa tabbas... maganina ne."

"Yana kisa?"

"A iya sanina, a'a. Zazzaɓi ma yake warkarwa."

Ya turo min farantin. "Tafaddal. Kai ka fara warkewa."

Guda goma sha ɗaya na ci, baƙi suna ƙirgawa suna dariya har da riƙe ciki. Malam Sani yana leƙe ta taga, ko tausayi babu.

An sabunta iƙamata a satin. Abu Fahad ya ce fumfunar ta tafi, kuma bai taɓa ganin wanda ya ci kuskurensa har ya suɗe faranti ba. (Ina zargin Malam Sani ne ya warkar da inabin, don ya daina watsa ruwa a kan ganyen. Ban faɗa wa kowa ba.)

Tun daga ranar, kafin in fesa komai a kan ko da ciyawa ce, sai na leƙa kicin na tambaya ko akwai mai niyyar ci.