Ranar da Na Kai Maroƙi Neman Aikin Manaja

Da na nemi aikin manajan kaya a wani kamfanin auduga na Wad Madani a Sudan, na san za a tambayi abin da na iya. Mutum irina ba ya yabon kansa, don haka na tafi da Ɗanjuma, maroƙin ƙauyenmu.

Mudir, wato shugaban kamfanin, yana tambaya, Ɗanjuma ya gyara murya: "Ga ɗan malamai, hannunsa bai taɓa auduga ba! Mai rabar da kaya ko ba nasa ba!"

Ni kuwa ina gyaɗa kai cikin ƙasaita.

Mudir ya rufe takardata, ya ce, "Ya ustaz, sitonmu ba zai iya da karamcinka ba."

Har yau in na shiga kasuwar garin Kamlin kusa da ƙauyenmu, sai masu tebur su rungume kayansu: "A ɓoye, ga manaja nan!"