Jirgin Yaya Kabiru Da Na Yi Wa Tintet

Abubuwa da yawa sun shige mini yanzu da shekaru suka ja, amma walimar ritayar Yaya Kabiru ba na jin zan manta da ita har a binne ni.

Ni mai fentin mota ne a Dei-Dei, nan Abuja. Boko kuwa tun a firamare muka rabu, ba faɗa. Yaya Kabiru yayan matata Rabi ne, babba ne a wata ma'aikatar tarayya, gidansa na Kubwa. Tun da na auri ƙanwarsa bai taɓa wulaƙanta ni ba, sai dai in zai gabatar da ni ga baƙo ba ya wuce "mijin Rabi". Sana'ata ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, na kuma ƙudurta sai ya faɗe ta a gaban mutane kafin ɗayanmu ya mutu.

Shi kuma abin da ya ɗauke masa hankali a duniya shi ne haɗa ƙananan jiragen yaƙi, irin na yaƙin duniya na biyu. A kwali suke zuwa gutsi-gutsi, na roba, ya zauna da gam da hantsaki, tabarau a kan hanci, yana liƙawa. (Mutum da furfurarsa fa.) Akwai wani mai farfela a hanci, bai fi tafin hannu biyu ba, wanda ya shafe wata da watanni a kansa. Shi ya yi niyyar nuna wa abokan aikinsa ranar walimar.

Ana saura 'yan kwanaki ya tafi Zariya ɗauko tsohuwarsu, ya bar mini makulli in sabunta masa fentin get. Na gama, na shiga falo shan ruwa, sai ga jirgin a kan tebur. Wallahi sai da mutumin ya ba ni tausayi. Fentin dishi-dishi, kore da ruwan ƙasa, kamar kakin sojan da ya sha wanki. Gefen injin duk baƙin hayaƙi. Bakin fikafikan a kankare, har launin ƙarfe ya fito. Na ce a raina, ilimi daban, hannu daban. Yau ga ranata.

Na naɗe shi a tawul na yi gida da shi. Rabi na gani ta ce in mayar tun da wuri, yayanta ko ƙura ba ya yarda a kaɗe wa jiragen nan. Na ce mata ai shi ya sa suke haka.

A gareji motar wani Alhaji na jira, ban ko kalle ta ba. Na bi jirgi da sanfefa mai laushi. 'Yan siraran layukan da ke jikinsa na cike su da fila, abin da muke toshe tsagar mota da shi, don na ɗauka tsagewa ce. Na fesa masa shuɗi mai ƙyalli, irin wanda matan manya ke so a motocinsu, na bi da folish har ina ganin haƙorana a fiffike. Gilashin matuƙi na yi masa tintet, tunda a Abuja babban mutum ba ya tafiya ana kallon fuskarsa. A wutsiya kuma na ɗauki siririn burushi na rubuta "Allah Ya kiyaye hanya". Ban taɓa yi wa motar kowa aiki da zuciya ɗaya haka ba.

Na mayar da shi kan tebur na lulluɓe da farin ƙyalle. Yaya bai dawo ba sai safiyar walimar. Na ce masa na rufe ne saboda ƙura, ya yi godiya, baƙi suka sha masa kai, bai ɗaga ba.

Bayan an ci an sha, ya tara abokan aikinsa a falo. Ni ma na matso gaba cikin shaddata, ƙirji a waje. Ya dafa ƙyallen ya fara bayani. Ya ce haɗawa ba ita ce wahala ba, kowa na iya liƙa roba. Wahalar ita ce tsufar da jirgi. Ya faɗi yadda ya niƙa alli baƙi ya yi tabon hayaƙi a gefen inji, yadda ya bi bakin fikafikai da tsinin allura yana yin ƙwarzane ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda ya gani ya san jirgin nan daga fagen daga ya dawo. Ya ce har fuskar matuƙin ya zana, a leƙa ta gilashi za a ga gashin bakinsa.

Tun daga maganar alli na fara ja da baya. Na waiga ƙofa, mutane sun cike ta. Na kalli Rabi, ta sa mayafi ta rufe baki.

Ya janye ƙyalle.

Jirgi na ta walƙiya ƙarƙashin fitila kamar motar amarya. Wani darakta ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya karanta rubutun wutsiya a fili, sannan a hankali ya ce, "Amin." Nan fa dariya ta ɓarke, har wani ya zauna a ƙasa.

Yaya bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon jirgin, ya leƙa gilashin ko zai hango matuƙinsa, bai gan shi ba. Sannan ya ɗago ya nuna ni.

"Wannan mijin Rabi ne," ya ce. "Mai fentin mota ne."

To, ga shi ya faɗa, a gaban mutane kuma, yadda na yi ta roƙo.

Washegari na je ba da haƙuri. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sabon kwali ya turo gabana, ya miƙo mini hantsaki, ya ce in zauna. Yanzu duk Asabar ina Kubwa. Na tsufa ina ɓoye ƙwarzane a jikin motocin mutane, ga ni ina koyon yin sa da gangan, kuma sai na iya ko idona zai tsiyaye. Shuɗin jirgin yana nan a kan kantarsa, duk baƙon da ya zo shi yake fara nuna masa, ya kuma faɗi sana'ata.

Tun daga ranar, ko mota aka kawo mini a lotse, sai na tambayi mai ita ko haka yake son ta.