Mayafin da Aka Aika Marina

"Ram Ram, matar Yaya," Karsan ya yi wa Harku gaisuwar mutanenmu.

"Ram Ram, sarkin 'yan aike. Ashe kana raye? Har na fara shirin haɗa makokinka da na yayanka, in yi kuka ɗaya in huta."

Ina tsugune ina gasa gurasar gero mijina Karsan ya shigo da ƙunshi a hammata. Kwana ashirin ke nan da Harku, matar yayansa, ta aike shi marina a Buj, tafiyar da motar madara ke yi cikin awa guda. Mayafinta na aure ta ba shi, baƙin ulu mai ɗigon ja da ruwan ɗorawa. Tun da babbar mota ta kashe mijinta Hamir a bakin titi ba ta da damar yafa shi, don wadda mijinta ya mutu baƙi zalla take sawa har ta bi shi. Ta ce a tsoma shi a baƙi ɗigon ya mutu. Su biyun nan tun ranar da aka kawo ta amarya suke tsiya da juna, amma wata uku ke nan gidan shiru. Ni na san abin da ke cikin ƙunshin, na kuma gaya masa idan ta fasa masa kai da muciya, ko tsumma ba zan miƙa masa ba.

"Ina mayafina?" in ji Harku.

"Ki bari in sha ruwa mana. Haka ake tarbar miji?"

"Miji? Kai? Na ga miji, shekara ashirin da shida ina zaune da shi. Kai ragowar ƙullun da aka yi shi ne, uwarku ta ji ƙyashin zubarwa."

"Ragowar ta fi gardi. Tambayi Jiwi."

Na ce kada su sa ni a ciki, gurasata za ta ƙone.

"Marinin ya ce baƙinsa ya ƙare," in ji Karsan.

"Baƙi ya ƙare a marina?"

"Kaf! Ya ce sai dai ki je ki leƙa tukunyar da fuskar nan taki ta kwanan nan, ruwan zai rine da kansa."

"Kwana ashirin kana jiran baƙi?"

"Na je, ya tafi biki. Na koma, ya tafi suna. Na uku kuma raƙumi ya tare ni a hanya, ya ce shi ma yana da ƙorafi a kanki."

"An gan ka a Bujodi wajen masaƙa. Me ka je yi?"

"Neman aure. Na gaji da tsofaffi."

"Wa zai ba ka? Jiwi ma don idon ubanta ya yi rauni ne ka same ta. Kawo nan!"

Ta fizge ƙunshin ta kwance. Mayafi biyu suka faɗo. Ɗaya sabo, baƙi wuluk, mai kauri. Ɗayan nata ne yadda ta bayar da shi, ko ɗigo ɗaya bai ɓata ba. Na sauke kaskon daga wuta.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Kana ganin daɗi ne ya ishe ni na aike ka? Kullum na buɗe akwati yana kallona. Sun cire min awarwaro ba su tambaye ni ba. In ana biki, bayan ɗaki ake nuna min. Wannan kaɗai ya rage da zan kashe da kaina, shi ma ka hana ni. Har kai, Karsan?"

Ban taɓa jin ta kira sunansa tsirara haka ba. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba a cikinsu.

"Na kai shi," ya ce. "Na rantse da kan ɗana na kai shi. Marinin ya shafa, ya ce ulun tumakin waye wannan, rabonsa da irinsa ya daɗe. Na ce na Yaya ne. Ni na danne su yana aske su, ina ɗan shekara goma sha biyu, rago ya shure ni a baki. Ke kika kaɗa zaren, kauri kamar igiyar rijiya, masaƙin sai da ya yi kuka."

"Ƙarya kake! Zarena ya fi gashin kanka laushi, lokacin da kake da gashin."

"To naki ne. Garken ya tafi, mahauta sun kwashe. Shi an ƙone gawarsa da rawaninsa, yadda al'adarmu take. Ke kina da shekara ashirin da shida da za ki riƙa tunawa, ni me aka bar min? Marinin ya ɗaga mayafin zai jefa a tukunya, na fizge na fito da gudu, takalmina ɗaya yana can."

Harku ta matso. Ta sa ƙafa ta taɓa sabon.

"Wannan buhun gawayin fa?"

"Tumakina uku da suka rage. Na aske su tas, suna can tsirara suna zagina. Jiwi ta kaɗa."

Ta juyo ta dube ni. "Ke ma, munafuka?"

Na ce ni matar mutum ce, abin da aka sa ni na yi. Ƙarya ce, ni na kawo shawarar.

Ta ɗauka ta yafa, ta motsa kafaɗa. "Ƙaiƙayi kamar an yafa ƙaya."

"Daidai halinki aka saƙa shi."

"Wari kuma irin naka."

"Don ki riƙa tunawa kina da sauran miji a gidan nan."

Wani abu ya kuɓuce mata mai kama da dariya, ta yi maza ta haɗiye. Ta sunkuya ta ɗauki tsohon, ta ninke shi a hankali ba tare da ta kalle shi ba, sannan ta jefo min a cinya.

"Ungo. Ke kina da miji, ko da wannan ne. Ki yafa, amma in za ki fita da shi ki zaga ta bayan ɗakina."

Karsan ya yi dariya. "Ni fa, matar Yaya? Ɗan aike ba tukuici?"

"Ka ci, ƙaramin miji. Tukuicinka kai za ka riƙa ganinsa a jikin Jiwi, ni ba zan gani ba."

Ta ja baƙin ta rufe fuska, ta shige ɗaki.